Wadda Ke Bi Ta Kan Gidan Mai Ɗinki

Litinin, 4 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ina fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai ƙarancin barci. A gaida Maman Auta da yaran, idan za ta amsa.

Na kira ka sau uku. A na ƙarshe ka ce in rubuto, ba ka da lokacin jiran kalma ta fito daga bakina. Ka yi gaskiya, i'inata tana ƙaruwa idan raina ba a kwance yake ba. To ga shi na rubuto. Direban tankarmu zai kawo maka, duk sati biyu yake bi ta wajenku.

Yau kwana tara da matata, ƙanwarka Maman Auta, ta kwashe yaran ta taho gidanka. Ta tafi da littafina na bakwai, mai baƙin bango. Ban san abin da ta faɗa maka ba, don haka zan bi abin daki-daki.

Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin yamma a tashar famfo. Bayan magariba, idan na duba injuna na rubuta ma'auni, nakan hau kan tanki in dubi sama. Taurarin ɗan Adam nake kallo. A lokacin ƙasa ta yi duhu amma rana tana haska su a can sama, sai ka ga ɗigon haske yana tafiya a hankali, ba ya ƙyaftawa kamar jirgi. Kai ka fara nuna min ɗaya, a bayan gidan Gwaggo, hutun da ka dawo daga makarantar safiyo.

Akwai babba guda da ta fi sauran haske. Ka ga yanzu ma na rubuta "ta". Tun farko tauraruwa na kira ta a raina, shi ya sa. Ban taɓa rubuta ko mece ce ba, domin ni kaɗai ke karanta littafin, na san wadda nake nufi. Kuma ba ni da kamfas, da rufin gidaje nake alama. Daga kan tanki, arewa ita ce rufin gidan mai ɗinki, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu. Ga irin abin da Maman Auta ta karanta:

"Ta fito 7:09. Ta bi ta gidan mai ɗinki. Minti huɗu na gan ta, sannan ta ɓace. Jiya na jira ta har 7:40, ba ta zo ba."

Na kwafo wannan daga littafi na shida, na karanta sau biyar. Ban ga laifinta ba. Ni ma da ni ne, haka zan fahimta. Na yi ƙoƙarin bayani a ranar, kalmar "tauraruwa" ta tsaya min a maƙogwaro, ita kuwa ta ɗauka ƙarya nake shiryawa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka faɗa mata abin da ke cikin littafin. Kai ka san shi, kuma maganarka take ji.

Ƙaninka

*

Lahadi, 17 ga Maris

Malam Agogo,

Gwiwa tana nan, ta fi aurenka lafiya. Ƙanwata tana ci tana sha, ta yi ƙiba ma. Yaran na sa su a makarantar da ke kusa da mu, kada su zauna jiran ubansu ya sauko daga tanki.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta, na kuma karanta littafin. Wallahi ban san kana da baiwa haka ba. Mutumin da ba ya iya cewa "ina kwana" sai shayi ya huce, ashe idan ya riƙe biro mawaƙi ne. Ranar Juma'a abokan aikina sun zo cin abinci, na karanta musu shafi uku. Mai zanen taswirarmu sai da ya ƙware don dariya. Wurin da ya fi so shi ne: "Yau ta zo kusa ƙwarai, har na riƙe numfashi." Ni kuma na fi son: "Na kasa barci, na fito da asuba ko zan sake ganin ta." Ƙanwata tana kicin tana ji. Ba ta yi dariya ba, ka san mata.

Ka ce ni na nuna maka a bayan gidan tsohuwarmu. Mai yiwuwa. Na nuna maka yadda ake ɗaure igiyar takalmi ma, ban ga ka buɗe masa littafi bakwai ba.

Kana so in je in ce mata: mijinki ba mace yake leƙe ba, ƙarfe yake leƙe. Da wane baki? Ni safiyo ne, abin da na auna da hannuna shi nake sa wa hannu. Ban hau tankinka ba, ban san abin da ake hangowa daga can ba. An ce tsakar gidan mai ɗinki a buɗe take, kuma bayan magariba take shanya. Ban ce komai ba, abin da aka ce na faɗa.

Tun ranar da tsohuwa ta ce a ba ka yarinyar nan don kai ɗan ƙaninta ne, na ce mata wannan idan gida ya kama da wuta sai ya duba agogo ya rubuta lokaci kafin ya nemi bokiti. Aka ce na cika baki.

Kada ka ɓata rai, taubashi. Idan ban tsokane ka ba wa zan tsokana? Kawo shaida. Abin da ido zai gani, ba takarda ba.

Yayanka

*

Talata, 19 ga Maris

Yaya,

Na gode da amsa. Na gode da sa yaran a makaranta. Auta ba ta gani sosai daga baya, a roƙi malama ta zaunar da ita a gaba. Ni lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau da yawa. Da farko na ɗauka ka ƙi. Daga baya na lura da layin ƙarshe, ka ce in kawo shaida. Na gane kana so ta gani da idonta ne, don kada ta ce ka goyi bayana. Wannan ya fi abin da na roƙa hikima. Ka yafe min mummunan zaton da na fara yi.

Maganar karanta wa baƙi, ba zan ce komai ba. Sai dai da ba a gabanta ba.

Kwana biyu ina lissafi da littattafai shida da suka rage. Takan zo kwana uku ko huɗu a jere, sannan ta ɗauke makonni. Bisa abin da na samu, za ta wuce ranar Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe 7:10, ko ta riga da minti biyar ko ta makara da biyar. Na yi lissafin sau uku, biyu sun zo daidai, na ukun na gano inda na yi kuskuren tarawa. Ga abin da za a yi:

1. A fito da ita waje tun 7:00, a kashe fitilar tsakar gida.
2. A fuskanci arewa. A ɗaga kai kamar rabin hanya zuwa tsakiyar sama.
3. Za ta taso daga hagu ta tafi dama. Ta fi kowane tauraro haske, ba ta ƙyaftawa, ba ta ƙara.
4. Kafin ta kai ƙarshen sama za ta dushe ta ɓace. Ba komai ba ne, inuwar duniya ta shiga.

Ka riƙe littafin a hannu, ka nuna mata layin "ta fito" da layin "ta ɓace".

A hanzarta, Yaya, ba don ni kaɗai ba. Maganar ta fita a layinmu. Mata uku sun karɓe yadinsu daga wurin mai ɗinki ba a ɗinka ba. Shekaranjiya ta tare ni a bakin famfon unguwa, a gaban mutane, ta ce, "Malam, me na yi maka? Ko gaisuwa ba ta haɗa mu sai ta hanya." Na buɗe baki, ka san sauran. Ta jira, ta jira, ta ɗauki bokitinta ta tafi. Waɗanda ke wurin sun ɗauki shirun nan a matsayin amsa.

Ƙaninka

*

Litinin, 1 ga Afrilu

Yaya,

Ina fatan kowa lafiya. Direba ya dawo bai kawo komai ba, ya ce ka fita aikin daji. Allah ya dawo da kai lafiya.

Ta zo! 7:12, na yi kuskuren minti biyu kacal. Sama tas, ko gajimare ɗaya babu. Ina tsaye a kan tanki ina cewa a raina, yanzu Maman Auta tana kallon abin da nake kallo. Ban taɓa jin haka ba a shekara goma sha ɗaya. Na manta ban rubuta lokacin ɓacewarta ba.

Na wanke labule, na gyara ƙafar gadon yara da ta daɗe tana cewa in gyara. Na roƙi direba ya bar mata kujerar gaba idan zai dawo. Idan tana jin nauyi, ka ce mata ba sai ta ce komai ba. Ba zan tayar da maganar ba har abada.

Ƙaninka

*

Lahadi, 14 ga Afrilu

Agogo,

Muna lafiya. Ka ce wa direbanka ya cika kujerar gaba da buhu.

Mun bi umarninka ɗaya bayan ɗaya, kamar takardar likita. Ƙarfe bakwai na kashe fitila. Na fito da ƙanwata, da matata, da yara, da maƙwabcina mai kemis da na gayyato don shaida. Na sa kamfas, na jera su suna fuskantar arewa daidai, ba rufin kowace bazawara ba. Muka ɗaga kai. 7:05. 7:10. 7:20. Sauro ya ci rabonsa. Jemage biyu suka wuce, mai kemis ya ce ko ɗayansu ce amaryar. 7:30 ƙanwata ta ce, "Ya isa, Yaya," ta shige ɗaki. Auta ce ta ƙarshe, tana ta cewa a ƙara minti ɗaya, Baba ba ya kuskuren lokaci.

Yanzu bari in koya maka abin da ba a koyarwa a sakandare. Garinmu yana arewa da ku, tafiyar yini guda a mota. Abin nan tsakaninmu ya bi. Kai da kake kudu da shi ka gan shi a arewa. Mu da muke arewa da shi, ta ina za mu gan shi? Zauna ka yi lissafi sau uku.

Tun ina karanta lamba ta biyu a takardarka na gani. Kuma 7:12 na ɗan waiwaya, kamar ina korar sauro. Tana nan kuwa, ta bayan kawunansu, fes, ta bi ta kan garejina ta wuce. Kyakkyawa ce, ban musa ba. Minti huɗu ina kallon ta ta gefen ido. Amma ka rubuta "a fuskanci arewa", ka ja layi a ƙasa, ni wa ne da zan gyara wa masani?

Za ka ce mugunta ce. Kira shi abin da ka ga dama. Shekara goma sha ɗaya ƙanwata tana cin tuwon dare ita kaɗai da yara, a ɗaki biyu, ƙarƙashin tankin gwamnati. Nan tana da ɗakinta, matata ta samo mata aiki a shagon yadi. Ba ni na rubuta littafin ba, ba ni na ce arewa ba. Shiru kawai na yi, kuma kai ka fi kowa sanin shiru ba laifi ba ne.

Ta ce ka aiko mata da takardarta ta saki. Ka rubuta a fili yadda kowa zai gane, ka sa suna a wannan karon.

Kada ka wahalar da kanka nuna mata wannan wasiƙa. Duk abin da ya shigo gidan nan ta hannuna yake bi.

Yayanka

*

Talata, 16 ga Afrilu

Maman Auta,

Ina fatan kina lafiya, ke da Babba da Auta. Ni lafiya. Na roƙi direba ya kai miki wannan wasiƙa a shagon yadi, hannu da hannu. Idan na yi laifi da haka, ki yafe.

Ban taɓa rubuta miki wasiƙa ba. Na fara sau huɗu.

Ranar Alhamis ɗin can, 28 ga Maris, ni na yi kuskure. Na ce a dubi arewa, alhali daga wajenku kudu ce. Na zana a ƙasa da tsinke na gani, ko ɗan aji uku zai gane, ni ban gane ba. Na sa kin tsaya rabin awa a gaban baƙo ana miki dariya. Ba zan ce komai a kan Yaya ba, ɗan'uwanki ne, kuma a gidansa kike.

Wadda ke cikin littafin ba mutum ba ce. Na'ura ce da aka harba sama, tana zagaya duniya. Mai ɗinki ba ta san komai ba, rufinta kawai na yi alama da shi, kuma na jawo mata abin da ban san yadda zan gyara ba.

Ba na so ki yarda da maganata, ko da lissafina, na daina yarda da shi ni ma. Yanzu da asuba take zuwa. Ranar Laraba 24, da Alhamis, da Juma'a, idan kin idar da salla ki fita tsakar gida daga 5:15 zuwa 5:45. Kada ki fuskanci ko'ina. Ki riƙa juyawa a hankali, ki duba duk sama. Ba sai kin tashi kowa ba. Idan kwana ukun suka wuce ba ki ga haske mai tafiya ba ƙyaftawa ba, zan aiko da takardar da kika nema, ba zan ƙara damun ki ba.

Idan kin gani, ki buɗe littafin ki karanta daga farko a hankali, ki duba kwanan wata da lokaci. Babu abin da na ɓoye a ciki. Duk abin da na yi yana nan a rubuce.

Gidan yana nan yadda kika bar shi. Shukar da ke bakin taga ba ta mutu ba, ina ba ta ruwa.

Baban Auta

*

Lahadi, 28 ga Afrilu

Baban Auta,

Muna lafiya. Auta ta yi tari amma ya tafi. Babba tana gaishe ka.

Na gan ta. Ranar Alhamis, biyar da rabi saura kaɗan. Ta taso ta bayan ɗakin girki ta ratsa sama, shiru, kamar yadda ka ce. Na zauna a kan turmi na yi kuka, na ce na zalunci bawan Allah, na zalunci baiwar Allah. Yaya kuma na san abin da ya yi, ba sai ka faɗa ba. Na haɗa kayan yara a ranar. Na ce idan direba ya zo za mu biyo shi.

Sai na yi abin da ka ce. Da can shafukan farko kawai na karanta, zuciya ba ta bar ni na wuce ba. Wannan karon na bi shi layi layi da kwanan wata.

Ka tuna 9 ga Yuni na bara? Ranar da cikin nan ya zube. Jini ya ɓalle min ina wanke-wanke. Mai ɗinki ce ta ji ihun Babba, ta bar kekenta na ɗinki ta samo mota, ta riƙe kaina a cinyarta har asibiti. Ta aika maka tun muna ƙofar gida. Ka iso takwas saura, an riga an gama. Ka tsaya a bakin gado kana ta fama da kalma, har ka samu ka ce inji ne ya lalace, ba ka da wanda za ka bar wa. Na tausaya maka a ranar. Ni da ke kwance, na ce ka zauna ka huta.

Ga abin da ka rubuta, na kwafa yadda yake:

"An aiko daga gida 6:35. Injuna lafiya. Sama ta buɗe bayan kwana tara na hadari. Na ce in jira ta, minti ashirin ne. Ta makara. Ta fito 7:04. Ban taɓa ganin ta da haske haka ba."

Na karanta har na haddace. Na nemi wani layi a ƙasa, ko a shafi na gaba, inda ka ambaci abin da ya faru da ni. Babu. Kashegari ka rubuta, "Hadari ya dawo."

Da mace ce, wallahi da na dawo. Mace zan iya zagin ta, in yi gaba da ita, in jira ta tsufa ko ka gaji. Wata biyu ina shirya abin da zan faɗa mata. Wannan kuwa me zan ce mata?

Na rubuta wa mai ɗinki daban, na nemi gafararta. Ranar Juma'a ka je ka tsaya a ƙofarta a gaban matan layi, ka karanta musu takardar da na rubuta mata, da ƙarfi, ko za ka kwana kana i'ina. Wannan hakkinta ne a kanka.

Na kwance kayan yaran. Idan an yi hutu za su zo maka sati biyu. Ka sauko ka ci abinci da su.

Littafinka yana hannun direba, ban yage ko shafi ɗaya ba. Idan zai dawo, ka ba shi takardata.

Maman Auta